Wai da gaske don yaƙi da cin hanci sojojin Tailan suke juyin mulki?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, ya ce shi dai duk sanda ya ji labarin Tailan ko dai kotu ta tsige firaminista, ko an rusa jam'iyya, ko soja sun karɓe mulki, kuma kullum hujjar sojan ɗaya ce wai 'yan siyasa sun cika sata. To shin su sojan hannunsu a wanke yake? Kuma shi wannan tsohon firaminista Thaksin ɗin da ake ta rigima a kansa shekara ashirin, ɓarawo ne ko zaluntarsa aka yi?

Malam amsar tambayarka ta farko a'a ce, kuma ba a'a mai kame-kame ba. Ta biyun kuma duka biyun ne, ya yi abubuwan da suka isa a gurfanar da shi, sannan waɗanda suka kore shi ba don waɗannan abubuwan suka kore shi ba. Amma bari in ɗauko maka zancen daga tushe don in na tsaya a nan za ka ɗauka son rai ne.

A 1932 ne wasu matasan hafsoshi da ma'aikatan gwamnati suka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, daga nan zuwa yau juyin mulkin da ya yi nasara ya haura goma, yawanci 12 ko 13 ake ƙirgawa ya danganta da mai lissafin, kundin tsarin mulki kuwa wanda suke amfani da shi yanzu na 2017 shi ne na 20. Kaga kenan ƙasar da kusan duk shekara huɗu zuwa biyar sai an yaga tsarin mulki an rubuta sabo. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne duk wanda ya yi juyin mulki ya ci nasara, abu na farko da yake sakawa a kundin wucin gadi shi ne afuwa ga kansa da yaransa, kotuna kuma sun daɗe da karɓar cewa wanda ya riƙe iko umarninsa doka ne. Don haka juyin mulki a can sana'a ce da ba ta da asara in dai ta yi nasara.

Mutumin da ya kafa salon da ake bi har yau shi ne Sarit Thanarat. A 1957 ya kifar da Firaminista Phibun, ya kori babban abokin gabarsa Phao Siyanon shugaban 'yan sanda wanda ya tsere Suwizalan, kuma rigimar Sarit da Phao ba ta aƙida ba ce, ta wanda zai riƙe hanyoyin kuɗi ce, Phao yana da 'yan sanda da cinikin ofiyom, Sarit yana da sojan ƙasa da hukumar cacar gwamnati. Sarit ya zo da sunan tsabtace ƙasa, ya hana ofiyom, ya sa ana harbe masu cinna wa kasuwa wuta, ya kuma ɗaga darajar fada wadda Phibun ya danne, tun daga lokacin ne soja da sarauta suka zama ɗan juma da ɗan jummai. Da ya mutu a Disamban 1963 sai matarsa da 'ya'yansa suka hau rigimar gado a kotu, a nan ne asiri ya tonu, dukiyar da ya bari ta kai wajen dala miliyan 140 a kuɗin wancan zamanin, filaye, gidaje, motoci, hannun jari a kamfanoni barkatai, ga kuma tarin mata da ya ajiye a gefe. Wannan fa shi ne mai tsabtace ƙasar. Mai dokar barci kenan.

Zan tsallake shugabannin mulkin soja Thanom da Praphas da ɗalibai suka kora a Oktoban 1973 da kisan da aka yi a jami'ar Thammasat ranar 6 ga Oktoban 1976, ba don ba su da muhimmanci ba sai don zancen zai yi tsawo. Amma 1991 dole in tsaya a kai sabida ya fi kowanne nuna maka yadda ake wasan. Gwamnatin Chatichai Choonhavan ta yi ƙaurin suna wajen cin kwangila har 'yan jarida suka laƙaba mata sunan da ke nufin majalisar ministocin da kowa ke ɗiban abinci da hannunsa sai ya ƙoshi, wannan gaskiya ne ba sharri ba. To amma abin da ya tunzura sojan shi ne Chatichai yana shirin naɗa tsohon Janar Arthit, wanda ba sa ga maciji da shi, mataimakin ministan tsaro, suka ji tsoron za a tsige su, sai suka cafke firaministan a cikin jirgi yana shirin tashi zuwa Chiang Mai wajen sarki. Suka kafa kwamitin binciken 'yan siyasar da suka yi arzikin da ya wuce hankali, jama'a suka yi tafi. Shekara ɗaya bayan nan Janar Suchinda, wanda ya sha faɗin shi ba ya son kujerar firaminista, ya hau kujerar, kuma cikin masu mara masa baya har da wasu daga cikin waɗanda aka ce ana bincika. Mutane suka fito titi a Mayun 1992, soja suka buɗe wuta, alƙaluman gwamnati sun ce mutum 52 suka mutu, ƙarshe Sarki Bhumibol ya kira Suchinda da jagoran masu zanga-zanga Chamlong suka durƙusa a gabansa ana nunawa a talabijin. Suchinda ya sauka, amma sai da ya sa hannu a kan afuwar da ta rufe shi kafin ya tafi.

Wani abu da mu na nesa ba ma gani shi ne rundunar sojan Tailan ba dunƙulalliya ba ce, gungu-gungu ce. Na farko akwai zumuncin aji, wato waɗanda suka shiga makarantar horar da hafsoshi shekara ɗaya, su ke jan juna har ritaya, juyin mulkin 1991 aikin 'yan aji na 5 ne na makarantar Chulachomklao. Na biyu akwai zumuncin bariki. Akwai waɗanda ake kira Burapha Phayak, Damisoshin Gabas, da suka fito daga runduna ta 2 a Prachinburi musamman bataliyoyin da ke gadin sarauniya, sai kuma Wongthewan, 'yan runduna ta 1 masu gadin sarki a Bankok waɗanda suke ganin su ne 'ya'yan gata na asali. Kowace shekara ranar 1 ga Oktoba sabon jerin ƙarin girma da sauyin muƙamai yake fara aiki, hafsa kuma yana ritaya a shekara 60, don haka in aka tsallake ka sau ɗaya ko biyu shikenan ba za ka taɓa zama shugaban sojan ƙasa ba, kai da duk yaranka kun tashi a tutar babu. Ka lura juyin mulkin 2006 a watan Satumba aka yi shi, ana dab da fitar da wannan jerin. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu Thaksin Shinawatra. Tsohon ɗan sanda ne ɗan Chiang Mai da ya yi arziki da lasisin wayar salula da na tauraron ɗan'adam, lasisin tauraron ma a 1991 aka sa masa hannu, lokacin gwamnatin da sojan suka naɗa, kaga shi ma ba baƙo ba ne a wannan kasuwar. 'Yan ƙwallo za su tuna shi ne ya sayi Manchester City a 2007 ya sayar wa Larabawan Abu Dhabi a 2008. Ya kafa jam'iyyar Thai Rak Thai a 1998, ya ci zaɓen 2001, a 2005 ya kwashe kujeru 377 cikin 500, abin da ba a taɓa gani ba. Sirrinsa kuwa mai sauƙi ne, ya yi wa talakawan arewa da arewa maso gabas alkawari kuma ya cika, ka je asibiti ka biya baht 30 kacal, wato kuɗin ƙasar, a duba ka, kowane ƙauye a ba shi baht miliyan ɗaya na juyawa, a ɗage wa manoma biyan bashi. Mutumin yankin Isan, wato arewa maso gabas ɗin, da aka saba kallonsa a matsayin direban tasi ko mai aikin gida a Bankok, karon farko ya ga ƙuri'arsa ta sayo masa wani abu.

Amma kar ka ɗauke shi waliyyi. Tun ƙarshen 2000 aka gano ya ɓoye hannun jari da sunan masu aikin gidansa har da direba da mai gadi, kotun tsarin mulki ta wanke shi da ƙyar a 2001, alƙalai 8 da 7. A 2003 ya ƙaddamar da yaƙi da ƙwaya, cikin wata uku aka kashe mutum sama da dubu biyu, da yawa ba tare da sun ga alƙali ba. Ya matsa wa 'yan jarida, ya cusa mutanensa a hukumomin da ya kamata su sa masa ido. Sannan a Janairun 2006 iyalinsa suka sayar da kamfanin Shin Corp ga Temasek na Singafo a kan baht biliyan 73 ba su biya harajin ko sisi ba, kwanaki kaɗan bayan dokar da ta ƙara yawan hannun jarin da baƙi za su iya mallaka a kamfanin sadarwa ta fara aiki. Wannan ne ya cika titunan Bankok da masu rigar ɗorawa, wato masu zanga-zangar adawa da shi.

To in haka ne me ya sa na ce ba don wannan aka kore shi ba? Sabida ya taɓa abin da ba a taɓawa. A 2003 ya ɗora ɗan'uwansa Chaiyasit Shinawatra a kan shugabancin sojan ƙasa, yana ta tura 'yan ajinsa na 10 na makarantar share fagen hafsoshi zuwa muƙamai masu riƙe da bindiga, wato yana so ya karɓe jerin 1 ga Oktoba daga hannun masu shi. Mai shi kuwa a lokacin shi ne Janar Prem Tinsulanonda, tsohon firaminista kuma shugaban majalisar masu bai wa sarki shawara, dattijon da hafsoshi ke layi a gidansa ranar zagayowar haihuwarsa. A Yulin 2006 Prem ya sa kakinsa ya je gaban ɗaliban makarantar soja ya yi musu misali, ya ce soja kamar dokin sukuwa ne, gwamnati mahayi ce kawai da ake ɗauka haya, masu dokin su ne ƙasa da sarki. Duk wanda ya san Tailan ya gane an gama magana. Ranar 19 ga Satumba Thaksin yana New York wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya tankoki suka fito. Wanda ya jagoranta Janar Sonthi Boonyaratglin ne, Musulmi na farko da ya riƙe sojan ƙasar, na faɗa ne kawai don wasu kan yi mamaki.

Yanzu duba abin da ya biyo baya a aljihu. Kasafin tsaro a 2006 wajen baht biliyan 86 ne, zuwa 2008 ya haura biliyan 140. A cikin wannan wadaƙar ne aka yi cinikin da ni a ganina ya fi komai bayyana halin, wato GT200. Wata 'yar na'ura ce wai tana gano bom, in ka gan ta roba ce baƙa mai mariƙi da wata 'yar eriya irin ta rediyo da ke lilo hagu da dama, ba batir ba komai, sai wani kati da ake zurawa wai shi ne ke faɗa mata abin da za ta nema. Da aka fasa ta aka ga babu komai a ciki, eriyar motsin hannun mai riƙewa take bi. Sojan ƙasa kaɗai sun sayi sama da 700, wasu a kan kusan baht dubu 900 kowace ɗaya, in ka haɗa da sauran hukumomi kuɗin ya haura baht biliyan ɗaya, alhali haɗa ta a Ingila 'yan fam ƙalilan take ci. Kuma ba a sito aka ajiye su ba, kudu aka kai su, Pattani da Yala da Narathiwat inda Musulmi Malayawa suke kuma ake fama da tayar da ƙayar baya, soja ya tsaya a shingen bincike eriya ta juyo ta nuna ka sai a tafi da kai, mota mai bom na gaske kuma ta wuce. A Fabrairun 2010 gwamnati ta sa aka gwada, cikin gwaji 20 sau 4 ta dace, ko canki-canka aka yi ai za a samu hakan, amma shugaban sojan ƙasa na lokacin Janar Anupong ya fito yana kare ta wai yaransa sun gamsu da aikinta. Baturen da ya ƙera ta Gary Bolton kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 7 a 2013. A Tailan ɗan kasuwar da ya shigo da ita aka yanke wa hukunci, manyan janarorin da suka riƙe rundunar lokacin cinikin ba wanda ya kwana a gidan yari, Anupong ma ministan cikin gida ya zama daga 2014 ya yi shekara tara.

Akwai kuma balan-balan ɗin leƙen asiri da aka saya baht miliyan 350 a 2009 don kudun, ta fi daɗewa a rumfa tana zubar da iska fiye da a sama, aka yi mata ritaya a 2017. Akwai jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi Chakri Naruebet da ya daɗe ba jirgin yaƙi ko ɗaya a kansa. Akwai jirgin ƙarƙashin teku da aka yi odarsa daga Chaina a 2017 kan baht biliyan 13 da rabi, aka rubuta injin Jamus a kwangila, daga baya Jamus ta ce ita takunkumi ya hana ta sayar wa Chaina irin wannan injin, jirgi ya yi shekaru a tsaye ba inji.

Tsakanin 2006 da 2014 abin ya zama kamar wasan yara, a rusa jam'iyyar Thaksin, ta sake suna, ta sake cin zaɓe. Kotu ta rusa Thai Rak Thai a 2007 ta haramta wa shugabanninta 111 siyasa na shekara biyar. Magajiyarta ta ci zaɓe, sai kotu ta tsige Firaminista Samak a 2008 sabida, ka saurara da kyau, ya karɓi ɗan kuɗi yana gabatar da shirin girki a talabijin. Surukin Thaksin Somchai ya hau, masu rigar ɗorawa suka mamaye filayen jirgin saman Bankok biyu, soja suka naɗe hannu suna kallo, kotu ta rusa jam'iyyar, Abhisit na jam'iyyar Democrat ya hau ba tare da sabon zaɓe ba. Da masu jar riga, magoya bayan Thaksin, suka fito a 2010 suna neman a yi zaɓe, sojan nan da suka kasa korar mutane daga filin jirgi sai ga su da harsashi mai rai, mutum wajen 90 suka mutu a Afrilu da Mayu. A lokacin ne aka ƙirƙiro kalmar sojan kankana, kore a waje ja a ciki, don ƙananan sojan yawancinsu 'ya'yan waɗancan ƙauyukan ne.

Ƙanwar Thaksin Yingluck ta ci zaɓen 2011, ta kawo shirin sayen shinkafa daga manoma kan baht dubu 15 duk tan, sama da farashin kasuwa da nisa, da tunanin in sun ɓoye shinkafarsu farashin duniya zai tashi. Indiya ta buɗe rumbunta ta cike gurbin, Tailan ta rasa matsayinta na wadda ta fi kowa fitar da shinkafa a 2012, wanda duk ya san buhun shinkafar Tailan a kasuwanninmu ya san ba ƙaramin matsayi ba ne, asarar aka ƙiyasta ta haura baht biliyan 500, kuma an yi sata a ciki, ministan kasuwanci Boonsong an ɗaure shi shekara 42 kan cinikin bogi da sunan gwamnatin Chaina. Sai kuma suka yi wautar kawo dokar afuwa a ƙarshen 2013 da za ta dawo da Thaksin gida, titi ya sake cika. Ranar 20 ga Mayun 2014 Janar Prayut Chan-o-cha ya kafa dokar soja yana cewa wannan ba juyin mulki ba ne, ya gayyaci duka ɓangarorin zuwa kulob ɗin sojoji wai a sasanta, rana ta biyu ya tambayi ɓangaren gwamnati ko za su sauka suka ce a'a, ya ce to ya karɓi mulki, aka rufe ƙofa aka kwashe su a motoci. Kai ka ji tarko.

Su uku ne suka riƙe ƙasar daga nan, Prayut da Prawit Wongsuwan da Anupong, dukkansu Damisoshin Gabas, dukkansu tsofaffin shugabannin sojan ƙasa, Prawit ne babban yaya. Kuma yaƙi da rashawa na cikin manyan alkawuransu. A Disamban 2017 ana ɗaukar hoton sabuwar majalisar ministoci a farfajiyar fadar gwamnati, rana ta dami Prawit ya ɗaga hannu ya kare idonsa, hannun riga ya zame sai ga agogon Richard Mille da zoben lu'ulu'u, ba ko ɗaya a takardar bayyana kadarorinsa. 'Yan Facebook suka shiga tono tsofaffin hotunansa suna ƙirga agoguna ɗaya bayan ɗaya, Rolex, Patek Philippe, har suka haura ashirin. Amsarsa ita ce aro ya yi wajen wani abokinsa, abokin kuma ya rasu. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa ta zauna shekara guda ta ce ta gamsu, shugaban hukumar kuwa tsohon janar ɗin 'yan sanda ne da ya taɓa aiki a ƙarƙashin Prawit ɗin. Ka tuna mai shirin girki a talabijin, ka auna da wannan.

Haka dandalin Rajabhakti a Hua Hin inda soja suka kafa gumakan tsofaffin sarakuna bakwai a 2015 da kuɗin gudummawa wajen baht biliyan ɗaya, tsohon shugaban sojan Udomdej da bakinsa ya amsa cewa wani dillali ya karɓi la'ada daga masu zubin tagullar, rundunar ta binciki kanta ta ce ba laifi, ɗaliban da suka hau jirgin ƙasa za su je su gani da idonsu su aka kama a hanya.

Amma in ka tambaye ni, waɗannan na sama-sama ne, ainihin abin shi ne rundunar kanta kamfani ce. Tana da tashar talabijin ta 5, tana da tarin gidajen rediyo, filayen golf, filin damben Lumpinee, otal-otal, filin sukuwa, da filaye masu faɗin gaske, har banki ta kafa a 1957. Janarori sun haura dubu, da yawa ba su da ko soja goma a ƙarƙashinsu, bayan kowane juyin mulki kuma sai a raba musu kujerun hukumomin gudanarwar kamfanonin gwamnati. A ƙasa kuma duk watan Afrilu saurayi ɗan shekara 21 zai zura hannu a akwati, jan kati shekara biyu a bariki, baƙin kati ka tafi gida, za ka ga ƙato yana suma don ya zaro ja, ɗan mai kuɗi kuwa akwai hanyar da ake bi, kuma da yawan waɗanda aka ɗauka gidan oga suke ƙarewa suna wanki da yankan ciyawa. A Fabrairun 2020 wani soja a Nakhon Ratchasima ya harbe kwamandansa da surukar kwamandan kan rigimar kuɗin cinikin gida da aka yi ta hanyar rancen walwalar sojoji, ya fasa ma'ajiyar makamai ya shiga kantin Terminal 21, mutum 29 ya kashe. Babu abin da zai wanke wannan ta'asa, amma ta fito da yadda manya ke kasuwanci a kan yaransu, har shugaban sojan ƙasa Apirat ya yi kuka a gaban 'yan jarida ya yi alkawarin gyara harkokin kasuwancin rundunar. Don adalci, akwai janar ɗin da aka ɗaure, Manas Kongpan, shekara 27 a 2017 kan safarar 'yan Rohingya bayan an gano kaburbura a dajin Songkhla a 2015. Sai dai babban ɗan sandan da ya jagoranci binciken, Paween, shi ma sai da ya gudu Ostireliya neman mafaka yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari.

Kundin 2017 ya ba sojan damar naɗa sanatoci 250 masu ƙuri'a a zaɓen firaminista, da su Prayut ya zarce bayan zaɓen 2019. Sai ga wata sabuwar jam'iyyar matasa Future Forward tana cewa a rage janarori, a soke tilasta shiga soja, a buɗe littafin kasuwancin rundunar. Kotu ta rusa ta a 2020. Ta dawo da sunan Move Forward ta zo ta ɗaya a 2023 da kujeru 151, ta ƙara da cewa a gyara sashe na 112 na dokar laifuka mai ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya taɓa sarauta, a lokacin Prayut da Prawit ma sun raba gari kowa da jam'iyyarsa. Nan fa ka ga abin mamaki, mutumin da aka yi juyin mulki biyu don a kawar da gidansa shi aka nemo. Ranar 22 ga Agustan 2023 Thaksin ya sauka a Bankok bayan shekara 15 yana gudun hijira, a ranar majalisa ta zaɓi ɗan jam'iyyarsa Srettha da ƙuri'un sanatocin soja, ɗaurin shekara 8 da kotu ta yanke wa Thaksin sarki ya mayar da shi shekara ɗaya, ya yi wata shida a hawa na 14 na asibitin 'yan sanda aka sake shi. In da sata ce matsalar ai ba ta goge ba a ranar, kawai an samu wanda aka fi tsoro ne. Da aka gama da wancan, aka rusa Move Forward a Agustan 2024, mako guda bayan nan kotu ta tsige Srettha, 'yar Thaksin Paetongtarn ta hau, a 2025 aka fallasa wayar da ta yi da Hun Sen tsohon firaministan Kambodiya tana kiransa kawu tana sukar kwamandan sojan da ke kan iyaka, kotu ta tsige ta ranar 29 ga Agusta, a Satumba kuma kotun ƙoli ta ce zaman asibitin uban ba ya cikin lissafi ya koma ya yi shekararsa ɗaya a kurkuku.

Akwai kuma inda ɓangarorin biyu ba sa faɗa sam. Ranar 25 ga Oktoban 2004, cikin azumi, zamanin Thaksin, aka tarwatsa masu zanga-zanga a gaban ofishin 'yan sandan Tak Bai a Narathiwat, aka harbe mutum 7, aka ɗaure wa sama da dubu hannu ta baya aka jibge su a motocin soja wani kan wani kamar buhuna, tafiyar awa biyar zuwa barikin Pattani, da aka isa 78 sun mutu don rashin numfashi. Iyalai suka yi ta fafutuka sai a Agustan 2024 kotu ta karɓi ƙararsu a kan tsofaffin jami'ai bakwai, saura wata biyu wa'adin shekara 20 da doka ta bayar ya cika. Babban wanda ake tuhuma, tsohon kwamandan sojan kudu Janar Pisal, a lokacin ɗan majalisa ne a jam'iyyar su Thaksin, ya ɗauki hutun jinya ya bar ƙasar, sauran ma ba wanda ya bayyana a kotu kuma ba wanda aka kamo. Paetongtarn tana firaminista ta ba da haƙuri ta ce doka ba ta ba da damar ƙara wa'adin ba. Daren 25 ga Oktoban 2024 wa'adin ya cika, bayan kwana uku kotun Narathiwat ta rufe fayil ɗin.